Wasiƙa zuwa ga 'yata a kan tsoffin kwamfutocin gida

'Yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na ga saƙonki cewa kwamfutarki ta tsufa, wai ba za ta iya ɗaukar koyon rubuta manhaja ba. Ban yarda ba, ki saurari dalilina.

A 1977 ne Apple II da Commodore PET da TRS-80 suka fito, kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane. ZX Spectrum da Commodore 64 suka biyo baya a 1982, ana jona su da talabijin, ana adana aiki a kaset irin na rakoda. Ma'adanar Commodore 64 kilobayit 64 ce kacal (kilobayit ma'aunin girman bayanai ne), hoto guda a wayarki ya ninka haka sau da yawa. ZX81 ta 1981 kuwa kilobayit 1 gare ta.

To, da an kunna su babu wani hoton latsawa a allon, sai fili kawai yana jiran a rubuta umarni da harshen BASIC. Mujallu kan buga manhaja layi-layi, yaro ya zauna ya kwafe da hannu. Harafi ɗaya ya kuskure, ta ƙi tashi, dole ya koma ya bi layukan har ya gano ɓarnar. A ganina wurin wannan bin diddigin aka samu gwanaye. Ƙarancin wurin ajiya kuma ya tilasta musu tsimi, kowane layi sai an san amfaninsa.

Linus Torvalds da kwamfutar VIC-20 ta kakansa ya fara rubuta manhaja, ya zo ya fitar da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a 1991, wadda a kanta aka gina Android. Kamfanin Acorn na Ingila, mai kwamfutar BBC Micro, shi ya ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta ta ARM a 1985, kuma kusan kowace wayar hannu da irin ƙwaƙwalwarsa take aiki. Ko ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi ta 2012 an yi ta ne saboda wasu masana a Cambridge sun lura sababbin ɗalibai ba su ƙware da rubuta manhaja kamar 'yan zamanin waɗancan injuna ba.

Saboda haka ki riƙe wadda ke hannunki, ki sa mata Python, wato wani harshen rubuta manhaja. Kullum ki rubuta ɗan abu, kome ƙanƙantarsa. In ya ƙi aiki, ki fafata da shi tukuna kafin ki nemi amsa a intanet, kuma kada ki saka layin da ba za ki iya bayaninsa ba. Ranar da aikinki ya fi ƙarfin injin, ki nuna mini, sai mu yi maganar sabuwa.

Mahaifiyarki tana gaishe ki. Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki