Godiya ga masu gyaran faiba na Sabon Gari

Assalamu alaikum.

Ni mai shagon kwamfuta ne a Samaru, daf da Jami'ar Ahmadu Bello. Na zaɓi in yi godiyar nan a bainar jama'a ga ma'aikatan kamfanin da ya ja mini wayar faiba, wato wayar intanet mai zaren gilashi da haske ke bi, masu ofis a Sabon Gari, musamman injiniya da yaronsa da suka zo mini a watan Janairu.

Hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari, ɗalibai sun cika shago kowa da fom ɗinsa, sai intanet ta shiga ɗaukewa tana dawowa. Ni kuma da karambani, sai in zare koren kan wayar, in hure shi, in goge da bakin rigata, in mayar. Kullum jiya i yau, har gara jiya. Na riga na saddaƙar za a ce in sayi sabuwar na'ura.

Injiniya ko kallon na'urar bai yi ba. Ya sa kan wayar a wani madubi mai ƙara girman abu sau 400, ya ce, "Alhaji, zo ka ga aikinka." A allo na ga ƙura kamar an watsa gero a faifai, ga shatin maiƙon yatsa. Ya nuna mini wani ɗigo a tsakiya, ya ce nan haske ke bi, faɗinsa maikron 9 kacal (maikron dubu ne milimita ɗaya), a cikin zaren gilashi mai maikron 125. Silin gashin kai ya ninka ɗigon nan sau da yawa, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare hanya.

Ashe gugar da nake yi ita ke kiran ƙurar. Farin bakin da ke riƙe da zaren, tangaran ne, lantarki ba ya ratsa shi, saboda haka in aka goge shi a bushe sai caji ya taru ya zauna. Shi ne abin nan da ke jan mutum in ya taɓa ƙofar mota da hunturu, ko tartsatsin da bargo ke yi da dare. Da damina laimar iska na kwashe cajin, amma a bushewar Janairun Zariya wa zai kwashe? Ƙura ta taso ta manne, ni kuma in danna kan wayar a mazauninsa, fuska biyu su matse ta har ta karce gilashin. Karcewa kuwa ba ta gogewa.

Allah ya taimake ni nawa bai kai nan ba. Yaron ya ɗiga ruwan wanki na musamman a kan ƙyalle marar burbushi, ya ja bakin wayar daga jiƙaƙƙen wuri zuwa busasshe, danshin ya sauke cajin. Suka sake dubawa, suka share cikin mazaunin ma, sannan suka haɗa. Da na kai ido zan leƙa, injiniya ya riƙe hannuna: hasken ba a ganinsa, amma yana iya lahanta ido.

Ba su sayar mini da komai ba, lemon da na sayo ma sai da na matsa suka sha. Tun ranar intanet ba ta sake ɗaukewa ba, bakin rigata kuma ya huta.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa kasuwarku albarka.

Naku,
Mai shagon kwamfuta, Samaru, Zariya