Ɗan yayana zai fito daga gidan yari, gari ya ce kada ya dawo

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. Shawara nake nema a kan ɗan marigayi yayana da ya tashi a hannuna.

Da awakin maƙwabta ya fara, muna biya muna ba da haƙuri a gaban mai unguwa. Da ya faɗa shan kodin da tiramol sai ya koma satar babura. Sau biyu ana ɗaure shi, yana fitowa da zuciyar da ta fi ta da tauri. Na ukun ne ya karya mana gwiwa: mai babur ya farka ya riƙe shi, shi kuma ya sare shi da adda a hannu. Mutumin nan maƙwabcinmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci. Har yau yatsunsa ba sa riƙe fartanya, yaransa ƙanana ke yi masa noma. In na wuce gonarsa sai na sunkuyar da kai.

Bayan girbi zai fito. Dagaci ya kira ni ya ce jama'a ba su yarda ya sake kwana a garin ba, 'yan sintiri kuma sun rantse in suka kama shi ba zai kai ofishin 'yan sanda ba. Wasu na cewa alƙali ya yi sassauci, mai hali ba ya barin halinsa. Wallahi ban ga laifinsu ba.

Amma Malam, tun 2019 aka sauya wa gidajen yari suna zuwa gidajen gyaran hali, ni kuma ina son in yarda gyaran yana yiwuwa. Da na kai masa ziyara na tarar ya koyi ɗinki. Kuka kam ya sha yi mana a baya, amma wannan karon ne ya fara tambayar lafiyar wanda ya cuta.

Ina da samari a gida, ina tsoron ya ɓata su. In na kore shi, tasha zai koma wurin abokan shaye-shaye. Ta yaya ake gane tuban gaskiya? In kai shi wurin wani tela a Kano, ko in roƙi dagaci? Sannan haƙƙin maƙwabcina fa, tunda ɗauri bai maido masa da hannu ba, me ya wajaba a kanmu?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mai sauraronka daga Ringim, jihar Jigawa