Zuwa ga aminina, kan batun cikin gidanka

Asawase, Kumasi

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya sanyin Bronx, yaya kuma fama da aiki? Mu nan lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaga mana ƙafa. Tsofaffin unguwa kullum sai sun tambaye ni yaushe borga, wato namu mazaunin ƙasar waje, zai zo gida.

Saƙonka ya iso, har da hotunan falukan da ka ce Hajiya ta zaɓa. Na kuma leƙa ginin naka na Kenyasi. Ma sha Allah, an rufa kwano, an kafa ƙofofi, birkila sai ɗokin fara filasta yake yi. Na roƙi ƙaninka ya dakatar da shi tukuna, kada ka ji haushi. Ka tambaye ni yadda na samu wadda ta tsara mana cikin gida, ka ce sai an gama fenti za ka nemi naka. A'a Alhaji, yanzu ne lokacinsa. Inda soket zai zauna, inda fanka za ta rataya, inda bututun ruwan kicin zai bi, duk a cikin bango suke. In aka shafe bango aka yi fenti sannan mai tsarawa ya zo, to dai ko dai ya haƙura da abin da ya tarar, ko a ɗauko guduma a fasa abin da ka riga ka biya.

Da na fara cigiya, mutane suka yi ta turo mini masu ƙawata wurin biki, masu balan-balan da yadin rufe kujeru. Sana'arsu daban ce, Allah ya ba su kasuwa. Wasu kuma masu ɗinka labule ne ko masu silin POP da suka ƙara wa kansu suna a Instagram. Wanda kake nema shi ne mai iya auna ɗaki, ya zana maka shi a takarda da ma'auni, ya nuna wa kafinta da mai wayarin da mai famfo abin da kowa zai yi, sannan ya tsaya a kansu. Hoton waya kuwa kada ya ruɗe ka, da yawa daga Dubai da Turkiyya aka kwaso su. Duk wanda ya zo, a ce ya kai ƙaninka gidan da ya yi aiki, gidan da mutane suka zauna a ciki har damina ta wuce a kansa. A buɗe kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke a shinshina, a duba kusurwar silin ko ta yi tabo, a ja mai gidan gefe a tambaye shi ko an gama a kan lokaci. Gani ya kori ji.

Ni a haka na dace. Gidan wani abokin kasuwancina na shiga a Buokrom, na ga tsarin ya kwanta mini, na tambayi wanda ya yi. Ashe wata yarinya ce 'yar Asante, ta karanta zanen gine-gine a jami'ar KNUST ta nan Kumasi. Ba Musulma ba ce, ba ta taɓa zama a zango ba, har na ɗan yi jim. Amma ranar da ta zo ba ta nuna mana hoto ko ɗaya ba. Tef ɗin awo ta fito da shi da littafi, ta zauna a tabarma da maman yara suna ta hira da yaren Twi. A ina muke cin abinci, a tebur ko a ƙasa? In ana suna ko an yi rasuwa, mata ina suke zama, maza ina? Wane ɗaki Inna za ta kwana, kuma tana iya hawa matakala? Takalman baƙi a ina ake zubewa? Da na ce mata ba ma son mai zama a banɗaki ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya, sai ta ce in nuna mata wajen. Ka san a nan Kumasi gabas ce mai karkata zuwa arewa. Ta sa kibiya a kan zanenta, ta juya mazaunin banɗakuna, ta kuma fitar mana da ɗan wurin alwala kusa da ƙofar falo, da famfo a ƙasa-ƙasa da dakalin zama. Kafin ita, wani ɗan unguwarmu da muke sallah sahu ɗaya ya zo, bai tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, fitilu masu launi kawai yake ta yi mini talla.

Wannan ne ya kawo ni kan hotunan Hajiya. Sun yi kyau, ba ƙarya. Sai dai kicin ɗin nan da ya buɗe cikin falo, na Amurka ne, inda ake ɗumama abinci a rufe tukunya. A nan za a soya kifi da yaji, a tuƙa tuwo, a dafa wake a kurfoti, a daka sakwara. Turmi kaɗai ya isa ya tsaga tayil. Kuma ka yi tunanin malamai sun zo maka addu'ar shiga gida, ga mata a tsaye a gabansu suna girki. Ka bar mata kicin na zamani a ciki, da ƙofarsa, a yi wani a baya mai daɓen siminti da wurin fitar hayaƙi. Fararen kujerun nan ma, ka tuna jar ƙurar hanyar Kenyasi da hazon hunturu na Disamba da Janairu. In dai fari take so, a yi masu riga da ake cirewa a wanke.

Katako shi ne inda aka fi cutar wanda ba ya gari. Garinmu na danshi ne, damina biyu muke yi a shekara. Allon MDF, wanda ake matsawa daga garin katako, yana da kyau a ido da sauƙin kuɗi, amma da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura. Katakon da ake kira wawa mai taushi ne, ƙwari na son sa. Katakon odum ya fi tsada, sai dai gara ba ta cika damun sa ba, shi ya dace da ƙofofi. Ko wanne aka zaɓa, ya zama busasshe, don ɗanyen katako bayan 'yan watanni ƙofar kabad za ta karkace ta ƙi rufuwa. Kafintocin da muka sani a Anloga, tun da aikin hanya ya tashe su yawancinsu suna Sokoban, can muka je da ita aka zaɓi namu a gabana. Tayil kuma yanzu ana yin sa a Ghana, a masana'antun da ke wajen Takoradi, ba dole sai na waje ba. A banɗaki da wurin alwala kada a sa mai santsi, saboda tsofaffi. A sayo da rara tun farko, domin in ka koma daga baya da wuya launin ya zo daidai.

Sai maganar kuɗi. Wasu jinga suke yankewa, wasu su ɗauki kaso daga jimillar kuɗin aikin, wasu kuma su ce maka aikinsu kyauta ne in dai su za su sayo kaya. Na ƙarshen nan na fi tsoro, domin ladansu na ɓoye cikin farashin kowane labule. Mu mun raba: kuɗin aikinta daban, kuɗin kaya daban da rasit, kuma ta faɗa mini da bakinta shagunan da ke ba ta la'ada. An rubuta komai, muka sa hannu da shaidu. Kafin alƙalami kaɗan na bayar, sauran kashi-kashi, sai an gama mataki na gani sannan in tura ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, don ya zama akwai shaida. Da zarar sun ji mai gida yana Amurka za su so yi maka lissafi da dala. Kada ka yarda, dokar ƙasa ma ta hana sa farashi da kuɗin waje ba da izinin Babban Bankin Ghana ba. A rubuta da sidi, a kuma rubuta tsawon lokacin da farashin zai tsaya. Ba ka manta 2022 ba, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, mutane suka bar gine-gine a tsaye ciyawa ta cinye.

Abu ɗaya zan roƙe ka, ka san halin gidanku: mutum ɗaya ya riƙa ba da umarni. In yayarka ta zo ta ce a canza fenti, ƙaninka ya ce a ƙara fitila, Hajiya ta bugo waya ta ce a rushe, babu mai tsarawar da zai iya, kuma duk canji kuɗi ne daga aljihunka.

Na yi wa yarinyar maganarka, ta ce tana iya zuwa ta duba ginin bayan sallar Juma'a mai zuwa, in ka amince. Ban ce lallai ita za ka ɗauka ba, a nemi wani ma a gwada farashi. Amma ka turo mini zanen ginin ta WhatsApp, ka kuma sa Hajiya ta ware lokaci, don da ita za a fi yin maganar, ba da kai ba. Ku yi lissafin bambancin awoyi, kada a tashi Hajiya da asuba.

Maman yara tana gaida Hajiya, ta ce a tuna mata da maganin ciwon gwiwar nan in an samu mai zuwa. A shafa mini kan yara. Allah ya sa a shiga gidan da rai da lafiya, amin.

Naka har kullum,
Amininka na Asawase