Wasiƙa zuwa ga Malam Sanusi, kan maganar Habu

Gusau, Jihar Zamfara.

Zuwa ga aminina Malam Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, da sanyin Ingila. Na rubuto ne maimakon in buga waya domin maganar tana da nauyi, kuma tunda Allah ya sa abincinka a can yana wajen kula da manya masu raunin fahimta a gidan da aka ware musu, ban ga wanda ya fi ka cancantar in kai wa kukana ba.

Maganar ƙanena Habu ce, mai raunin fahimta, wanda bana ya cika shekara 34. Yana nan yadda ka san shi: sahun farko ba ya wuce shi a masallacin unguwa, kuma shi ke zuba wa tumakin Inna dusa da harawa safe da yamma, amma idan ka aike shi da naira dubu ya sayo gishiri, duk abin da mai kanti ya miƙo masa na canji zai karɓa ya yi godiya. Inna kaɗai ke karantarsa. Idan ya fara murza kunne yana kauce wa tuwo, ta san haƙori ne ke damunsa tun kafin kumatu ya kumbura. To, yanzu ƙafa ta kama ta, ga hawan jini, kuma kwanan baya ta yi mini tambayar da ta hana ni barci, wai idan ta kwanta dama wa zai san Habu yana jin yunwa, alhali shi ba zai faɗa ba.

Wasu daga cikin dangi sun ba da shawarar a kai shi wani gida a wata jiha da ke maƙwabtaka da mu, na kuwa je na gani da idona. Ginin ba shi da laifi, har da fenti sabo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sakata tana waje ne a kowace ƙofa, kuma da hantsi na iske magidanta kusan goma sha biyar kwance a tabarmi suna gyangyaɗi, an yi musu aski iri ɗaya, mai gadi ɗaya yana zaune da bulala a gefen kujerarsa. Da na tambayi abin da suke yi da yini, sai aka ce mini ai ba sa ba da wahala, ana ba su magani. Babu wanda ya tambaye ni abin da Habu yake so ko abin da yake tsoro; kuɗin wata kawai aka faɗa mini.

A ganina tushen ɓarnar shi ne mun haɗa raunin fahimta da taɓin hankali a kwando ɗaya. Mai taɓin hankali ana kai shi asibiti irin na Kware a Sakkwato, ya sha magani, sau da yawa ya samu sauƙi, amma Habu ba ciwo yake yi ba balle a ce za a warkar da shi. Abin da yake buƙata shi ne wanda zai zauna da shi a matsayinsa na babban mutum. Ba ka manta da gidajen mari da 'yan sanda suka fasa a Rigasa da Daura a 2019 ba, inda aka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa. Dokoki kam akwai su, domin an sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya a Janairun 2019, sannan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta zo a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, sai dai a gidan da na je ban ga alamar wani jami'i ya taɓa leƙawa ba.

Kuma mu a Zamfara maganar ba ta gidanmu kaɗai ba ce. Gubar dalmar da ta ɓulla a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta kashe yara fiye da 400, wasu da suka rayu kuma ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Waɗannan yaran yau sun zama samari da 'yan mata, iyayensu kuma suna tsufa kamar Inna.

Na san za ka ce ku kuna da hukumar CQC mai zagayawa tana duba gidajen kula da mutane tana ba su daraja. Haka ne, amma na tuna abin da ya faru a Winterbourne View, wani gidan kula da masu raunin fahimta kusa da Biristol, a 2011, inda wani ma'aikacin jinya ya kai ƙara hukumar ba ta motsa ba, sai da BBC ta shiga da ɓoyayyar kyamara aka ga yadda ake marin marasa ƙarfi ana watsa musu ruwan sanyi, daga baya kotu ta samu ma'aikata 11 da laifi. Wannan ya sa nake ganin ido na ɗan'uwa mai faɗowa ba tare da sanarwa ba ya fi takardar shaida a bango.

Shawarar da na yanke ita ce Habu zai dawo ɗakin da ke kusa da zaurena tare da tumakinsa, in ɗauki wani dattijo in riƙa biyansa ya zauna da shi lokacin da nake wurin aiki. Abin da nake roƙonka shi ne ka rubuto mini dalla-dalla yadda kuke rubuta bayanin kowane mutum, abin da yake ci, abin da ke fusata shi da yadda kuke lallashinsa ba tare da magani ko tsawa ba, domin ina so in zauna da Inna in kwashe abin da ke kanta a littafi tun tana da ƙarfin faɗa.

Inna tana gaishe ka, ta ce a shafa mata kan yara. Habu ma da na ambaci sunanka sai ya tambaya ko har yanzu kana da keken nan mai ƙararrawa.

Wassalam, naka har kullum,
Bello