Godiya ga ma'aikatan jirgin safe na Kano zuwa Legas

Zuwa ga Manajan Tasha da ma'aikatan kamfanin jirgin da ya ɗauke ni da ɗana daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano zuwa Legas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, domin irin karamcin da aka yi mana a kantarku ya wuce "na gode" ɗin da ake faɗa a tsaye ana sauri.

Ni tsohon ɗan badujala ne, kuma turombon na busa har na yi ritaya, wato ƙahon tagullar nan mai dogon hannu da ake turawa ana jawowa. Yanzu ɗana ya gaje ni, shi na raka gwaji a makarantar kiɗa ta MUSON da ke Onikan. Ƙahon da zai busa nawa ne, ƙirar Yamaha, kuma ya girme shi.

Wanda bai san abin ba, da ya ga tagulla sai ya ce ai ƙarfe ne, me zai same shi? In za a miƙe bututun turombon, zai kai kimanin mita 2.7, kuma ransa duka yana hannun nan. Bututu biyu ne ke zamewa a kan wasu biyu, tazarar da ke tsakaninsu kamar kaurin gashi. A wurare bakwai mai busa yake tsayar da hannun don ya sami muryar da yake so, don haka lotsawar da ido ba zai ma gani ba ta isa ta sa hannun ya riƙa cijewa, kiɗa ya ɓaci. Sai kuma faffaɗan bakin ƙahon. In akwati ya faɗo a tsaye, nauyin duka a kan bakin yake sauka, ka buɗe ka tarar ya yamutse alhali akwatin daga waje ko ƙwarzane babu. Sanyin cikin jirgi ba ya yi wa tagulla komai. Jifa ce ke kashe ta.

Na san haka ne domin na gani. Akwai wani kamfani, ba sai na kama suna ba, da muka taɓa bi da kayan ƙungiya. Ma'aikacin ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce ya wuce awo, a kai cikin kaya. Na roƙa, na yi bayani, sai aka turo mini takarda in sa hannu cewa duk abin da ya faru ba ruwansu, aka liƙa jar takardar nan ta "a yi hattara" aka tura shi. Ina zaune ta taga na ga yadda aka wurga shi kan tarago, aka ɗora masa buhuna. Da muka sauka na kai ƙara, aka nuna mini sa hannuna. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ƙahon nan bai ƙara komawa yadda yake ba. Tun daga lokacin, in zan hau jirgi da ƙaho, da shirin faɗa nake fita daga gida.

Haka na iso kantarku, na cusa tsumma a bakin ƙahon, na naɗe abin busawa cikin safa don kada ya yi yawo a akwati, na kulle hannun, na kuma haɗe rai. Sai baiwar Allahn da ke kantar ta dubi akwatin ta ce, "Baba, me ke cikin nan haka?" Na faɗa mata. Ta ce a buɗe ta gani. Ɗana ya zaro hannun ya nuna mata yadda yake zamewa, ta taɓa shi da ɗan yatsa, ta ce, "Lallai wannan ba na cikin kaya ba ne."

Akwatin ya doshi santimita 90, alhali jakar hannu a ƙa'ida ba ta wuce 56 a tsawo, kuma tana da hujjar da za ta kore mu da kalma ɗaya. Maimakon haka ta duba kwamfuta ta ga Boeing 737 ne zai tashi, wanda ma'ajiyarsa ta sama za ta ɗauki tsawon. Ta kira shugabar ma'aikatan cikin jirgi ta nemi izini. Ta ce mu ba da jakunkunanmu na hannu a kai cikin kaya, ƙahon ya ci gurbinsu, sannan mu shiga tare da masu yara da tsofaffi tun wuri bai cika ba. Har ta ƙara da cewa in an sauya jirgin da ƙarami, kada mu yarda a ɗora shi kan bel ɗin da ke jan kaya, mu miƙa shi hannu da hannu a gindin matakala, mu karɓa a can. Na ce, "'Yata, Allah Ya yi miki albarka." Ta ce, "Amin Baba, Allah Ya ba ƙanena sa'a."

A cikin jirgi ma, da wani bawan Allah ya zo zai danna ƙatuwar jaka a kan akwatin, wani matashi cikin ma'aikatanku ya tare shi cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, nan an kama," ya nema masa wani wuri. Sauran tafiya lafiya lau, mun tashi a kan lokaci.

Abin da ke damuna shi ne a ce irin wannan sai an yi dace. A Amurka majalisa ta yi doka a 2012, kuma tun watan Maris na 2015 dole ne kamfanonin jirage su bar fasinja ya shiga da ƙaramin abin kiɗa muddin akwai wuri a lokacin da ya hau. A nan kuwa kowane kamfani da tsarinsa, kowane ma'aikaci da fassararsa, wani lokaci ma ya danganta da yadda ya tashi daga barci. Diyya kuma ba abin dogaro ba ce. Ko a tafiyar ƙasa da ƙasa, yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta taƙaita abin da za a biya kan kaya, yanzu bai fi kusan dala dubu biyu ba sai in ka bayyana darajar kayan tun farko ka biya ƙari, alhali turombon na ƙwararru ya fi haka tsada nesa ba kusa ba. A ce ka sayi kujera ta biyu don ƙaho, da kuɗin tikitin yau, wa zai iya? Kuma ba mu kaɗai ba ne. Masu goge da gurmi da algaita da ake gayyata bukukuwa a waje, kayansu na ƙwarya da fata da itace ne, sun fi namu rashin ƙwari. Ya kamata hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta dubi lamarin ta fitar da ƙa'ida ɗaya da za a liƙa a kowace kanta.

Ranka ya daɗe Manaja, ban tambayi sunan yarinyar nan ba, amma kai ka san wadda ke kanta ta biyu a jirgin safe. Ina roƙo a kira ta a karanta mata wannan takarda a gaban abokan aikinta, tare da matashin nan na cikin jirgi. Allah Ya ƙara muku kasuwa, Ya tsare jiragenku.

Naku,
Tsohon ɗan badujala, daga Kano.