Saura Sati Uku Gasar Bindiga Uku

Houston, Texas
Daren Lahadi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mutumina, bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ƙafar Hajiya? Allah ya ƙara mata afuwa. Ka durƙusa ka gaishe mini da ita, ka ce ɗanta na Amurka yana neman albarka. Mu nan lafiya lau, sai zafi da gumi, don garin yana kusa da teku.

Saƙonka ya iso, na karanta shi sau uku. Ka ce da ka ga hoton nan nawa, ga tabarau, ga abin toshe kunne, ga bindiga a rataye, gabanka ya faɗi. Ban ga laifinka ba ko kaɗan. Mutumin da sai ya yi addu'a ya yi sallama da iyali kafin ya hau hanyar Birnin Gwari, ba za a nuna masa bindiga a ce masa wasa ne ya yarda nan take ba. Shi ya sa ban ba ka amsa ta waya ba, na ce sai na zauna na rubuto maka a tsanake.

Abin da nake yi ana ce masa gasar bindiga uku. Akwai doguwa ƙirar AR-15 mai cin harsashi 5.56, akwai fistol mai milimita 9, sai bindigar farauta mai katirij lamba 12, irin wadda 'yan banga ke riƙewa a gida, mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma. Ana raba fili zango-zango. A kowane zango an kafa allunan kwali, da farantan ƙarfe, da 'yan faya-fayan yumɓu masu tarwatsewa in an same su. Alƙali yana tsaye a bayanka da wani ɗan agogo mai jin ƙarar harbi. Yana danna shi, ya yi ƙara, sai ka fara. Duk abin da ka kuskure a ƙara maka daƙiƙoƙi, wanda lokacinsa ya fi kaɗan shi ya ci. Asalin irin wannan wasa ya daɗe. A 1976 aka kafa ƙungiyarsa ta duniya, IPSC, a garin Columbia na jihar Missouri, wani tsohon hafsan soja mai suna Jeff Cooper ne shugabanta na farko, reshen Amurka kuma, USPSA, ya tsaya da ƙafarsa a 1984. Akwai manyan gasanni da ake yi a Mesa ta Arizona da Raton ta New Mexico, inda gwanaye ke haɗuwa. Tamu ba ta kama ƙafar waɗannan ba, ta kulob ce, amma a wurina babba ce, domin wannan ne karo na farko da zan shiga a cikin tawaga.

Mu uku ne. Akwai wani dattijo, tsohon mai walda, ya haura sittin, hannunsa ba ya rawa, shi ke riƙe mana doguwa. Akwai wata malamar makarantar sakandare, ita ce gwanar fistol. Ni aka ba ta farauta. A wasu zangunan kowa zai harba duka ukun a haɗa lokutanmu, a wasu kuma kamar tseren miƙa sanda ne: ka gama naka, ka ajiye bindiga yadda doka ta ce, ka ruga ka dafa kafaɗar ɗan'uwanka, sannan shi ya taɓa tasa. In aka kori mutum ɗaya, wahalar mutum uku ta tashi a banza. Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, kuma akwai dalili.

A watan Afrilu an kore ni daga wata ƙaramar gasa. Ban taɓa gaya maka ba. A ƙa'ida, in ka gama da bindiga za ka ɗauki wata, sai ka zura ta a wata ganga da aka tanada, bakinta ƙasa, kuma ko dai babu komai a cikinta, ko ka sa mata sakata, wato ɗan makullin da ke hana ta tashi. Ranar nan komai yana tafiya mini daidai, na kayar da farantai takwas a jere, zuciyata ta riga ta tafi kan fistol. Na zura bindigar, na juya, sai alƙali ya daka tsawa in tsaya. Na daskare. Ya kira ni, bai ce uffan ba, ya nuna mini gefen kunama da yatsa. Jan ɗigon nan yana waje, alamar sakata a buɗe take. Ya sa na buɗe ta, katirij guda ya faɗo kan yashi. Har yau ina ganin sa, ja, kwance kusa da takalmina. Ba wanda ya ji ciwo, ba abin da ya tashi, amma doka ba ta jiran sai an ji ciwo. Alƙalin ya yi gaskiya, ban yi musu ba.

Dattijon nan yana wurin, lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na kama hanyar mota zan tafi, sai ya miƙo mini naɗin takardar manne ramukan allo. Haka na yini a rana ina manne wa wasu alluna, ina tayar da farantan da suka kayar. Da yamma ya ce mini wanda aka kora ya tsaya ya yi wa jama'a aiki, shi yake so a tawagarsa. Ka ga yadda aka yi na shiga. Mutum ya ga rauninka da idonsa, ya kuma ɗora amanarsa a kanka, ai sai ka ɗaure ɗamara.

To ga shirin da nake yi. Kullum bayan Isha'i ina shiga gareji na yi minti ashirin. Harsashi na gaske ba ya shiga ɗakin sam, yana can a kulle, da na roba nake koyo. A wannan bindigar ba harbin ne ke cin lokaci ba, ɗurin ne. A rukuninmu da katirij tara ake farawa, zango kuwa yakan nemi ashirin ko fiye. Sai ka kifar da bindigar, ka cafko huɗu daga ɗamararka, biyu-biyu a jere, ka tura biyu, ka tura biyu. Na sha kallon yadda Lena Miculek take yi, 'yar shahararren maharbin nan Jerry Miculek na Louisiana, wadda ta ci kambun duniya na mata a wannan bindiga. A hannunta kamar ruwa. A nawa kuwa bakin ɗurin ya yayyanke mini babban yatsa har ya yi kanta. Amma abin da na fi maimaitawa shi ne ajiyewa. Na samo tsohuwar ganga na kafa a kusurwa. Kafin in saki bindiga sai na ce "sakata" da ƙarfi, da Hausa, yatsana ya taɓa ta, idona ya gan ta. Yakan ci mini rabin daƙiƙa. Na gaya wa abokan tawagata, suka ce in ci gaba, sun yafe wannan rabin.

Ranar Asabar muke haɗuwa a fili. Mun daidaita saitin dogayen bindigoginmu a yadi 50, wanda ke sake haɗuwa da harsashi wajen yadi 200. Abin da ya wuce haka, yadi 300 ko 400, sai ka ɗaga saiti, ka kuma karanci iska a jikin ciyawa. Kowa ya rubuta nasa lissafin a 'yar takarda ya manna a gindin bindiga. Katirij ma na raba su da launi, masu ƙwayoyi daban, masu dunƙulen dalma guda daban, domin in ka harbi ƙarfe na kusa da mai dunƙule, ɓarɓashinsa kan dawo kan mutane. Muna kuma koyon miƙa sandar nan har sau goma a yini, don a fili ba ka jin magana, kunne a toshe yake, dafa kafaɗa kaɗai ce alama. Sai dokar da ta fi kowace tsanani: bakin bindiga ba ya juyowa zuwa baya, inda mutane suke, ko kana gudu ko ka yi tuntuɓe. Yatsa kuma ba ya shiga gidan kunama sai ka saita.

Sauran shirin ƙanana ne. Gudu bayan Asuba, harsashi ninki biyu na abin da aka ce, ruwa mai yawa, akwatin agajin gaggawa, sabulun wanke dalma daga hannu kafin cin abinci. Buta da darduma suna bayan mota. Malamar nan ce da kanta ta je ta nemi a gyara jerin sunaye don kada layina ya faɗo a lokacin Azahar.

Ka tuna Hawan Daushe muna yara, yadda muke kutsawa ta ƙofar Kudu mu ga 'yan bindigar Sarki suna ɗura albarushi a adaka, su harba sama, hayaƙi ya turnuƙe, mu toshe kunne muna tsalle? Ranar farko da na shaƙi warin fili a nan, can zuciyata ta tafi. A lokacin in an ce 'yan bindiga, su ake nufi. Yanzu in ka ji kalmar a rediyo sai ka yi salati. Wannan yana yi mini ciwo ƙwarai, kuma ba na so ka ɗauka ina ganin a kawo irin wannan wasa gida. Dokarmu ta makamai ta 1959 ta tsaurara, ko bindigar farauta sai da lasisin Sufeto Janar, kuma a halin da ake ciki ban ga laifin tsaurin ba.

Nan ɗin ma ba zan ɓoye maka ba, bindiga tana cin mutane. A 2021 sama da mutum 48,000 ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. A watan Mayun 2022, a Uvalde, cikin wannan jiha tamu, aka kashe yara 19 da malamai 2 a makarantar firamare. Bayan wannan na yi wata biyu ban leƙa fili ba. Da zan koma, maman yara ta kafa mini sharuɗɗa, na kuma karɓa: bindigogi a akwatin ƙarfe mai lamba, harsashi a wani wurin daban, yara ba su san lambar ba, kuma ba a fito da komai sai za a fili ko an shiga gareji an rufe ƙofa. A kan haka muke har yau.

Alfarma biyu nake nema. Kada ka nuna wa Hajiya hoton nan sai ka karanta mata wannan wasiƙa, ka san yadda take da saurin damuwa. Sannan ka sa mu a addu'a ranar Asabar ta ƙarshen Oktoba, Allah ya sa mu uku mu gama kowane zango lafiya, kada a kori kowa ta dalilina. Za mu fara ƙarfe takwas na safe, wato biyu na rana a wurinku, ka ga daidai kun idar da Azahar. Washegari zan kira ka in ba ka labarin yadda aka yi, in sha Allahu.

Ka gaida uwargida, ka shafa mini kan yara, ka gaida mutanen majalisa baki ɗaya.

Wassalam,
Naka har kullum.