A Faɗa Wa Talaka Haƙƙinsa a Hannun 'Yan Sanda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya a nan Sakkwato. Sau da yawa za ka ga dattijo zaune a bakin caji ofis, an tsare shi don ɗansa ya gudu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani, ta kuma hana kama mutum kan rikicin bashi kawai.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wanda ya zaɓa. Dole a gaya masa laifinsa da harshen da yake ji, a kai shi kotu cikin awa 24 in akwai kotu tsakanin kilomita 40. Amma ɗan kabu-kabun da bai iya karatun boko ba, sai a miƙa masa takarda ya dangwala yatsa, bai san abin da ke ciki ba. Wannan ya fi damuna.

Beli kuma kyauta ne.

Ina roƙon Rima Rediyo da limaman Juma'a su riƙa bayyana wannan da Hausa.

Naka,
Wani mazaunin Mabera, Sakkwato